Watergate da tsadar rayuwa: Shekarun da Amurka ta rasa inda za ta sa kanta

Da tsakar daren 17 ga Yunin 1972, wani maigadi mai suna Frank Wills yana zagayen aikinsa a rukunin gine-ginen Watergate da ke birnin Washington, sai ya ga an liƙe harshen makullin wata ƙofa da salatif don kada ta kulle. Ya cire, ya wuce. Da ya sake zagayowa ya tarar an mayar da wani, sai ya kira 'yan sanda. Aka kama mutum biyar a hedikwatar jam'iyyar Democrat ɗauke da na'urorin satar sauraren magana da kyamarori da sababbin takardun dala ɗari-ɗari. Wata 26 bayan wannan dare, Richard Nixon ya zama shugaban Amurka na farko, kuma har yau shi kaɗai, da ya ajiye mulki da kansa.

Galibi idan ana ba da wannan labari akan tsaya ne kan 'yan jarida biyu na Washington Post, Bob Woodward da Carl Bernstein, da kuma kaset-kaset ɗin da suka tona asiri. Ba a cika haɗa shi da ɗaya bala'in da ya faɗa wa Amurkawa a daidai wannan lokaci ba, wato hauhawar farashi wadda ta zo tare da durƙushewar tattalin arziki da rashin aikin yi. Alhali tushen abubuwan biyu kusan ɗaya ne: zaɓen 1972, da shugaban da ya ƙudurta cewa kowace hukumar gwamnati sai ta yi wa nasararsa aiki.

Nixon bai taɓa manta 1960 ba. A wannan shekara John Kennedy ya kayar da shi da ƙuri'u kaɗan, shi kuma ya ɗora laifin a kan koma-bayan tattalin arziki da ya jefa mutane cikin rashin aiki gab da zaɓe. Wanda ya gargaɗe shi tun da wuri a lokacin shi ne masanin tattalin arziki Arthur Burns. Da Nixon ya samu mulki, sai ya naɗa Burns shugaban Babban Bankin Amurka a farkon 1970. A bisa doka bankin yana cin gashin kansa, amma kaset-kaset ɗin fadar White House sun nuna Nixon yana matsa wa Burns lamba ya sassauta kuɗin ruwa ya saki kuɗi a kasuwa kafin zaɓe. A 1971 hadiman fadar har suka tsegunta wa 'yan jarida labarin ƙarya cewa Burns yana neman ƙarin albashi wa kansa, a daidai lokacin da yake kiran a taƙaita na ma'aikata. Masana har yanzu suna jayayya kan ko tsoro ne ya sa Burns ya sassauta ko kuwa ra'ayinsa ne da ma. Amma dai ya sassauta, kuɗi suka yawaita a hannun jama'a a 1972.

Ofishin ƙididdigar ƙwadago ma bai tsira ba. Ma'aikatansa sun saba yi wa 'yan jarida bayanin alƙaluman rashin aikin yi ba tare da ado ba, abin da ya riƙa ɓata wa Nixon rai idan bayanin ya rage wa labari mai daɗi armashi. Aka dakatar da taron bayanin a 1971. Shugaban ya kuma sa wani hadiminsa, Fred Malek, ya ƙirga masa Yahudawan da ke manyan muƙaman ofishin, daga baya aka sauya wa wasu wurin aiki.

Babban mataki ya zo ne ranar Lahadi 15 ga Agustan 1971, bayan ganawar sirri a Camp David. Nixon ya bayyana a talabijin ya sanar da cewa Amurka ta daina musanya wa ƙasashe dala da zinariya, tsarin da duniya ta dogara da shi tun bayan yaƙin duniya na biyu a kan dala 35 kowace oza. Ya ɗora harajin kashi 10 cikin 100 kan kayan da ake shigowa da su, ya kuma daskarar da farashin kaya da albashi na kwana 90. A cikin jawabin ya ba da umarnin jinkirta ƙarin albashin ma'aikatan tarayya da rage yawansu da kashi 5 cikin 100, domin gwamnati ta nuna ta fara da kanta. Jama'a suka yi ta tafi. Hauhawar farashi ta tsaya a wajen kashi 3 cikin 100 a 1972, kasuwa ta buɗe, kuma a watan Nuwamba Nixon ya lashe jihohi 49 cikin 50 a kan George McGovern. Da irin wannan rinjaye, fasa ofishin abokan hamayya bai ƙara masa ko ƙuri'a ɗaya ba.

Sai dai ƙayyade farashi da doka tamkar danne murfin tukunya ne ba tare da an rage wuta ba. Da aka sassauta dokar a Janairun 1973, farashi ya yi tsalle, musamman na abinci, domin Tarayyar Sobiyet ta sayi hatsin Amurka mai ɗimbin yawa a 1972, darajar dala kuma ta faɗi. A watan Afrilu matan gida suka shirya ƙaurace wa sayen nama na mako guda. A watan Yuni Nixon ya sake daskarar da farashi na kwana 60, amma wannan karo abin ya juye masa: kuɗin abincin kaji yana hawa, kuɗin kazar kuma an ɗaure shi, sai masu kiwo suka riƙa nutsar da 'yan tsaki a ruwa a gaban kyamarorin talabijin, makiyaya suka ƙi kai shanu kasuwa, kantuna suka wayi gari babu nama.

A waɗannan watannin ne kuma asirin Watergate ya fara warwarewa. Alƙali John Sirica bai yarda cewa mutanen da aka kama su kaɗai suka shirya abin ba. Ranar 30 ga Afrilun 1973 manyan hadiman Nixon biyu, H.R. Haldeman da John Ehrlichman, suka yi murabus, aka kori lauyan fadar John Dean. Kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Sam Ervin ya fara zama a watan Mayu, ana nunawa kai tsaye a talabijin, kuma a watan Yuni Dean ya shaida cewa shugaban ƙasa yana da hannu a rufa-rufar. Maganar Dean ce kawai a kan ta shugaban ƙasa, har sai da aka kira Alexander Butterfield, tsohon hadimi mai kula da takardu da jadawalin ofishin shugaban. Ma'aikatan kwamitin suka tambaye shi ko akwai na'urar naɗar magana a fadar. Bai kawo maganar da kansa ba, amma da aka tambaye shi kai tsaye bai yi ƙarya ba. Ranar 16 ga Yuli ya maimaita a bainar jama'a cewa tun 1971 ana naɗar hirarrakin ofishin shugaban ƙasa. Daga ranar rikicin ya koma kan kaset-kaset.

Akwai wani ma'aikaci da ba a cika ambatonsa ba, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kai. Johnnie Walters shi ne shugaban hukumar tara haraji ta Amurka, ɗan jam'iyyar Republican ne, Nixon ne kuma ya naɗa shi. A Satumban 1972 Dean ya miƙa masa jerin sunayen magoya bayan McGovern, da buƙatar a bi diddigin harajinsu. Walters ya kai wa ubangidansa, Sakataren Baitulmali George Shultz, suka amince kada a taɓa kowa. Ya saka takardar a akwatin ƙarfe ya kulle, ba ta fito ba sai a 1973 lokacin da ya miƙa ta ga masu bincike na majalisa. Bai kira taron manema labarai ba, bai kuma ajiye aiki cikin fushi ba. Umarni ne ya zo daga sama, ya ƙi aiwatarwa, ya adana shaida.

Watan Oktoban 1973 ya haɗa komai wuri guda. Ranar 6 ga wata yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya. Ranar 10 Mataimakin Shugaban Ƙasa Spiro Agnew ya yi murabus kan wata badaƙalar cin hanci da ƙin biyan haraji wadda ba ta da alaƙa da Watergate. Kwanaki kaɗan bayan haka ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka mai saboda makaman da ta aika wa Isra'ila. Ranar Asabar 20 ga wata kuma Nixon ya umarci Antoni Janar Elliot Richardson ya kori Archibald Cox, mai gabatar da ƙara na musamman da ya nace sai an ba shi kaset-kaset ɗin. Richardson ya riga ya yi wa Majalisar Dattawa alkawarin ba zai taɓa Cox ba sai da babban dalili, don haka ya ajiye aiki. Mataimakinsa William Ruckelshaus shi ma ya ƙi, ya bi sahunsa. Sai na uku a ma'aikatar, Robert Bork, ya sa hannu. Jaridu suka raɗa wa daren suna kisan kiyashin daren Asabar, kuma fushin jama'a ya tilasta naɗa wani mai gabatar da ƙarar, Leon Jaworski, wanda ya ci gaba daga inda Cox ya tsaya.

Kafin a ɗage takunkumin mai a Maris ɗin 1974, gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Dogayen layuka suka bayyana a gidajen mai, wasu jihohi suka raba ranakun sayen mai bisa lambar mota, aka ƙayyade gudun mota a mil 55 cikin awa a faɗin ƙasar. Masana tattalin arziki na wancan zamani sun ginu a kan cewa hauhawar farashi da rashin aikin yi kamar sikeli suke, in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, gwamnati kuma ta zaɓi wanda za ta iya jurewa. Yanzu ga su suna hawa tare. Hauhawar farashi ta kai kashi 11 cikin 100 a 1974, tattalin arziki ya shiga koma-baya daga Nuwamban 1973 zuwa Maris ɗin 1975, rashin aikin yi ya kai kashi 9 cikin 100 a Mayun 1975. In an saki kuɗi farashi ya ƙara tashi, in an matse masana'antu su ƙara sallamar ma'aikata: gaba kura, baya siyaki. Kuma mutumin da ya kamata ya jagoranci neman mafita yana kulle da lauyoyinsa yana sauraren muryar kansa a kaset.

Wannan tashin farashin mai shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya a zamanin Janar Yakubu Gowon, domin ƙasar ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, ba ta kuma cikin masu takunkumin. Daga wannan yalwar aka biya ƙarin albashin Udoji, wanda hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin 100 a 1975 ta lashe kaso mai yawa daga cikinsa.

Ƙarshen Nixon ya zo da sauri. Ranar 24 ga Yulin 1974 Kotun Ƙoli, da bakin alƙalai takwas ba tare da mai saɓani ba, ta umarce shi ya miƙa kaset-kaset ɗin. Uku daga cikin alƙalan shi ya naɗa su. Kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai ya amince da tuhume-tuhume uku na tsige shi. Ranar 5 ga Agusta aka saki hirar 23 ga Yunin 1972, inda aka ji shi yana amincewa a yi amfani da hukumar CIA a dakatar da binciken FBI, kwana shida kacal bayan kamen. 'Yan jam'iyyarsa suka juya masa baya. Ya sanar da murabus ranar 8 ga Agusta, ya bar fadar washegari.

Wata guda bayan haka Shugaba Gerald Ford ya yi masa cikakkiyar afuwa. Afuwar ba ta shafi waɗanda suka yi masa aiki ba. Haldeman da Ehrlichman kowannensu ya yi wata 18 a gidan yari, tsohon Antoni Janar John Mitchell ya yi wata 19, Dean da ya ba da haɗin kai ya yi wata huɗu. Sakatariyarsa ta shekara da shekaru, Rose Mary Woods, ta ɗauki alhakin goge wani ɓangare na minti 18 da rabi da suka ɓace daga wani kaset, bayanin da ya mayar da ita abin dariya a jaridu. Majalisa ta bi da dokoki: a 1978 aka kafa ofisoshin manyan sufetoci a ma'aikatu, aka wajabta wa manyan jami'ai bayyana kadarorinsu, aka ba masu tsegunta ɓarna kariya, aka kuma mayar da takardun shugaban ƙasa mallakar jama'a.

Tsadar rayuwa kuwa ta fi badaƙalar tsawon rai. Ford ya gwada yaƙarta da bajojin maƙalawa a riga da kiran jama'a su rage kashe kuɗi, abin bai je ko'ina ba. A zamanin Jimmy Carter juyin juya halin Iran ya sake tayar da farashin mai, hauhawar ta kai kashi 13.5 cikin 100 a 1980. Sai da Paul Volcker, wanda Carter ya naɗa shugaban Babban Banki a Agustan 1979, ya bar kuɗin ruwa ya kai wajen kashi 20 cikin 100, ya toshe kunnensa daga koke-koken 'yan siyasa da manoma da magina, sannan ta sauko zuwa kusan kashi 3 a 1983. Kuɗin maganin shi ne rashin aikin yi na kashi 10.8 cikin 100 a ƙarshen 1982. Burns da kansa, a wata lacca da ya gabatar a Belgrade a 1979, ya amince cewa bankin yana da ƙarfin daƙile hauhawar tun farko, yanayin siyasa ne ya ɗaure masa hannu.

Frank Wills, wanda albashinsa a Watergate dala 80 ne a mako, ya bar aikin bayan ɗan lokaci, bai sake samun tsayayyen aiki ba. Ya fito a matsayin kansa na ɗan lokaci a fim ɗin da aka yi kan badaƙalar a 1976. Ya rasu cikin talauci a 2000 yana da shekara 52. Littafin gadin da ya rubuta abin da ya gani a daren yana ajiye a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Amurka.