Dami na goma: daga Damana zuwa ƙauyukan Ingila

Duk manomin da ke zaune tsakanin Baleyara da Filinge ya san lissafin kaka ba tare da alƙalami ba. Idan aka gama yankan hatsi aka ɗaure, sai ya shiga gona yana ƙirga dami, tara nasa, na goma ya jingine shi gefe. Wannan na goman ba zai shiga rumbunsa ba. Yana iya tafiya gidan wata gwauruwa mai marayu, ko ƙofar wani tsoho da ƙarfinsa ya ƙare, ko zauren malamin da ke karantar da yaran unguwa. Babu wanda ya zo da takarda ya nema, babu dogarin da ya tsaya kansa. A kan wannan dami ne rayuwar masallacin ƙauye ta daɗe tana tsaye, shi ya sa ya kamata mu dube shi da kyau, mu kuma dubi abin da ya sami irinsa a wata ƙasa mai nisa.

Damana ita ce cibiyar Tondikandiya, cikin gundumar Filinge ta jahar Tilaberi. Yawancin mutanenta Zabarmawa ne, arewa da su kuma ga Buzayen Imanan a Bonkuku, sannan ƙasar Kurfai inda ake jin Hausa. Dukansu kwarin Dallol Boso ne ya haɗa su, inda ruwa ke kusa a ƙarƙashin ƙasa ko da sama ta yi rowa. Harshe ya bambanta, amma hukuncin zakka ɗaya ne, domin duk mazhabar Imamu Malik ake bi, kuma littafin da malaman zaure suka fi komawa gare shi shi ne Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rayu a ƙarni na 10. Abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 10 ake fitarwa. Abin da aka shayar da guga da wahala, ɗaya cikin 20. Ba ta wajaba sai amfanin ya kai nisabi, wato sa'i 300, abin da ya kama kusan kilo 650 na tsaba. Ga dabbobi kuma, awaki ko tumaki 40 ana ba da ɗaya, shanu 30 ana ba da maraƙi. Alƙur'ani ya ambaci jinsin mutane 8 da ake ba, matalauta da miskinai ne na farko. Akwai kuma sharaɗin da ya dace ma'aikata su riƙe: a mazhabar nan, zakka a inda aka same ta ake raba ta, ba a kwashe ta zuwa nesa sai in can sun fi tsananin bukata.

Limamin ƙauye ba shi da albashi. Gonarsa yake nomawa kamar kowa, sau da yawa almajiransa na taya shi. Amma shi ne ke raɗa sunan jariri ranar bakwai, shi ke ɗaura aure, shi ke sallar gawa, shi ke gaba idan damina ta tsaya aka fita roƙon ruwa. Ƙarƙashin rumfar masallaci ake sasanta rikicin iyakar gona kafin ya kai ga maigari, can ake cigiyar akuyar da ta ɓace, can baƙon da dare ya riska yake shimfiɗa tabarmarsa, a kawo masa tuwo daga gidan da bai sani ba. Masu tsananta magana sukan ce liman ba ya cikin jinsin nan 8 sai fa in shi ma matalauci ne. Gaskiya ne, sai dai a yawancin ƙauyukanmu ba a shan wuyar cika wannan sharaɗi.

To, a Ingila ma an yi dami na goma, an kuwa daɗe ana yi. Ƙasar tasu a yanke take ƙananan yankuna, kowane yanki da majami'arsa, wato coci, da limaminta, da maƙabarta kewaye da ginin. A karkara sau da yawa yanki ɗaya ƙauye ɗaya ne. Masu karatunmu da suka san Kiristocin Dogon Dutsi ko na Galmi, ko suka taɓa zuwa Wusasa kusa da Zariya, inda ƴan mishan na cocin Ingila suka zauna a 1929, sun ga ɗan kamannin abin. Bambancin shi ne, a Ingila wannan yanki na coci shi ne ya zama ƙaramar hukuma shekaru aru-aru. Tun 1538 aka umurci kowane limami ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza cikin littafi. Dokar 1601 ta ɗora wa kowane yanki ciyar da matalautansa. Gyaran hanya ma yana wuyansu.

Abin da ke riƙe limamin shi ne ushiri, wanda sarakunan ƙasar suka mai da shi doka tun ƙarni na 10. Ana karɓar ɗaya cikin 10 na alkama da sha'ir da ciyawa, da ƴaƴan tumaki, da ulu, da madara, har da ƙwai. An gina manyan rumbuna na dutse domin tara amfanin gona irin wannan, wasu suna nan har yanzu: na garin Biradfod da ke bakin kogin Abon, ginin ƙarni na 14, tsawonsa ya haura mita 50. Da farko an ce akwai rabon matalauta a ciki, amma sannu a hankali rabon ya shuɗe. Da Sarki Henri na 8 ya rufe gidajen masu zuhudu tsakanin 1536 da 1540, ya ƙwace dukiyarsu, sai haƙƙin karɓar ushirin yankuna masu yawa ya faɗa hannun attajirai da masu filaye, suna sayensa suna sayarwa kamar gona. Manomi ya wayi gari yana ba da daminsa ga wani mai kuɗi da bai taɓa gani ba, da sunan Allah. Wanda ba ya bin cocin gwamnati ma dole ya biya, an kuma ɗaure mutane da dama a kurkuku saboda sun ƙi. Babu nisabi, mai kaɗan da mai yawa duk ɗaya. Wanda ya zuba taki gonarsa ta yi kyau, rabon mai karɓa ne ya ƙaru, alhali bai ɗauki ko kwando ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya ba boyayye ba ne. A 1836 majalisa ta mai da ushiri kuɗi, ana lissafa shi bisa farashin hatsi na shekaru 7. Wannan bai kashe wutar ba. Cikin shekarun 1930, da farashin amfanin gona ya faɗi, manoman gabashin ƙasar suka ƙi biya, aka riƙa aiko masu ƙwace suna kora shanunsu zuwa gwanjo, maƙwabta kuma suna taruwa su ɓata cinikin. Dokar 1936 ce ta sa hanyar soke shi, ragowar biyan kuma ya ƙare a 1977. Kafin nan sauran ayyukan sun riga sun fita daga hannun coci: ciyar da matalauta a 1834, mulkin ƙauye kuma a 1894, lokacin da aka kafa majalisun ƙauyuka waɗanda ba ruwansu da limami.

Yau cocin Ingila tana da gine-gine kusan 16,000, da yawansu a ƙauyukan da masu zuwa ibada ranar Lahadi ba su cika layi uku ba. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales kashi 46 ne cikin 100, karo na farko ke nan da suka gaza rabi. Limami ɗaya yakan riƙe ƙauyuka biyar ko fiye, yana zagayawa da mota. Gwamnati ba ta biyansa. Abin mamaki shi ne, ginin na nan a buɗe, kuma masu riƙe da shi mutanen ƙauye ne da babu mai tilasta musu: wakilai biyu da ake zaɓa kowace shekara, da mata masu shara da jera furanni, da masu kaɗa ƙararrawa, da masu shirya ƴar kasuwar bazara domin a sami kuɗin gyaran rufi. Ko bikin godiyar kaka da suke ji da shi ba tsohon abu ba ne. Wani limami mai suna Hoka ne ya fara shi a 1843 a wani ƙauye na Konwal. Kowa ya kawo abin da ya ga dama, a jera gaban majami'a, bayan an tashi a kai wa mabukata. A ganina wannan ya fi kusa da daminmu na goma fiye da ushirin da suka yi shekara dubu suna biya.

Mu ma a wannan kwari mun san bambancin abin da aka bayar da abin da aka ƙwata. A farkon ƙarni na 20 Faransawa suka kafa bariki a Filinge, suka ɗora Gado Namalaya kan Kurfayawa, mutanen da ba su saba da sarki guda mai karɓar lanho ba. A 1925 wata mata mai suna Shibo, daga Cikal, ta zama kan gaba a harkar iskokin da aka sani da Hauka ko Babule, mabiyanta suka juya wa sarki da lanho baya, har aka kai su Yamai aka tsare. A 1931 fara da ƙarancin ruwa suka haɗu, yunwa ta kashe dubban mutane a yammacin Nijar, ba a kuwa daina neman lanho ba. Bayan haka Nasara ya tilasta wa kowane gari ajiye hatsi a rumbun da shi ke riƙe da izinin buɗe shi. Dabarar ba ta da laifi, amma tsofaffi ba su tuna ta da alheri. A shekarar yunwar nan aka haifi Seyni Kunce a Fandu, nan cikin Tondikandiya, kuma da ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, cikin wani farin, aikinsa na farko shi ne kai hatsin taimako hannun waɗanda aka aiko dominsu. Cikin shekarar aka kafa Ƙungiyar Musulunci ta Nijar, amma gwamnati ba ta mai da zakkar manomi haraji ba.

Waɗanda suka yi haka su ne ƴan ta'adda. Tun wajen 2019 rahotanni daga arewacin Tilaberi, wajejen Abala da Banibangu da Walam, suka riƙa nuna yadda masu bindiga kan babura ke shiga gari su ƙirga shanu su kora, su ce zakka ce. Ba su duba nisabi, ba su jiran shekara ta zagayo, kuma ko tiya ɗaya ba ta komawa ga matalaucin garin. An kashe masu gari da limamai da suka ƙi. Ranar 21 ga Maris 2025, cikin watan azumi, mutum 44 aka kashe a masallacin Fambita, cikin Kokoru, lokacin sallar Juma'a. Ko ɗalibin da bai gama Risala ba ya san wannan fashi ne. Ɓarnar da ba a cika faɗa ba ita ce, wanda aka kore wa garke ba shi da sauran abin da zai ba maƙwabcinsa, kuma ƙauyen da ya watse ya koma bakin Filinge ko Baleyara ya bar liman da ladan da tsarin da ya san wa ke kwana da yunwa a kowane gida.

Akwai kuma canjin da ke zuwa a hankali, babu bindiga. Gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, shekaru da yawa hatsin gida ba ya kai nisabi. Abin da ke kawo kuɗi yanzu shi ne lambun rani, kamar dankalin turawan Bonkuku, da abin da ƴan cin rani ke aikowa daga Legas da Kwatano da Abijan. Kayan lambu kuwa a mazhabar Malik babu zakka a kansu, kuɗin aike kuma ba ya kwana balle ya shekara. Wato dukiyar gari ta koma inda lissafin dami ba ya kai. Masallatan siminti da masu hannu da shuni ko ƙungiyoyin ƙasashen Larabawa ke ginawa abin godiya ne, amma masallacin laka da ake yi wa yaɓe da gayya kafin damina kowa ya san nasa ne. Na siminti idan kwano ya yage ko batirin lasifika ya mutu, sai a zauna jiran wanda ya gina. Inda saɓanin Izala da ɗariƙa ya raba gari masallaci biyu, ɗan abin da ake tarawa shi ma ya rabu biyu.

Wata al'adar mutanen Ingila ta cancanci a duba ta. Kowace shekara, kafin ƙarshen watan Mayu, doka ta wajabta wa kowane yankin coci ya yi taron mabiyansa, a kawo lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, bayan wani wanda ba ya cikin masu riƙon kuɗin ya bincika, a kuma baje shi inda kowa zai gani. Sun koyi haka ne saboda sun san mai bayarwa don kansa yana iya dainawa. Kwamitin masallaci a Damana ko Cikal ba ya bukatar izinin kowa kafin ya yi irin wannan: wata Juma'a bayan kaka, a karanta abin da ƴan gari na nesa suka aiko da inda aka sa shi. Sunan wanda aka ba zakka dai ba a karanta shi, domin sirrinsa haƙƙinsa ne.

Wasu ma'aikata masu kyakkyawar niyya sukan kawo shawarar a tara zakkar gari a rumbun tsimi, a riƙe ta daga Oktoba zuwa Yuli lokacin da tiya ke tsada. Malamai sukan ƙi, kuma suna da hujja, domin zakka da zarar ta wajaba ta zama ta matalauci, ba a jinkirta masa ita. Rumbun tsimi sai dai a cika shi da sadaka da gudummawa da kuɗin ƴan cin rani, mabuɗinsa kuma ya zauna hannun mutanen da garin ya zaɓa.