Ko Kun Sani? Gubar da Ta Koma Maganin Sankarar Jini

Ko kun san cewa wata guba mai kisa tana cikin magungunan da suka fi cin galaba a kan wani nau'in sankarar jini? Sankarar jinin da likitoci ke kira AML a ɓargo yake farawa: ƙwayoyin jini marasa nuna su cika wurin, su hana masu lafiya fitowa. Nau'insa da ake kira APL kuwa a da kan kashe mutum cikin makwanni ta hanyar zubar jini.

A shekarun 1970 likita Zhang Tingdong na birnin Harbin a ƙasar Sin ya fara gwada sinadarin asenik, wanda aka daɗe da sani da guba, a kan masu sankarar jini. A Shanghai kuma likita Wang Zhenyi ya yi amfani da ATRA, ɗan'uwan bitamin A, wanda ba ya kashe ƙwayoyin, sai dai ya sa su nuna. Binciken Italiya da Jamus na 2013 ya haɗa biyun ga marasa lafiyar da ciwonsu bai tsananta ba: bayan shekara biyu, kashi 97 cikin 100 suna raye, ciwon bai dawo ba.

Sai dai maganin ba ya amfani sai an gano ciwon. Alal misali, mutumin garin Horo Birni da ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi na jini in ya yi asuwaki, kan sha maganin maleriya sau da sau. Gwajin da zai tabbatar, wato ɗibar ɓargo daga ƙashin ƙugu, sai an bi ta Bodinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.