Haƙori Ba Shi Kaɗai Yake Tsaye Ba

Mai ciwon haƙori abu ɗaya yake roƙo: a cire masa ya huta. Likita kuwa yakan ja ƙafa, domin shi jerin gaba ɗaya yake dubawa. Haƙoran mutum a jere suke cikin lanƙwasa biyu masu siffar baka, ɗaya a muƙamuƙin sama da ke manne da ƙoƙon kai, ɗaya a na ƙasa mai motsi. Baligi yana da goma sha shida a kowane jeri, 32 ke nan, yaro kuma 20. Jerin sama ya ɗan fi faɗi, shi ya sa yake rufe na ƙasa idan an haɗe baki. Kowane haƙori yana jingine da maƙwabtansa, kamar yadda bakan gizon ginin soro yake riƙe kansa.

Da zarar an cire turmi ɗaya, na bayansa yakan fara karkatowa cikin giɓin, wanda ke fuskantarsa daga ɗaya jerin kuma ya yi ta zurowa saboda ya rasa abin da zai tare shi. Ƙashin da ya riƙe saiwar ya motse. Abinci ya samu maƙale inda burushi da asuwaki ba sa kaiwa, ruɓewa da ciwon dasashi su biyo baya. Wannan giɓin ba wushirya ba ce, wadda ake tasowa da ita kuma ba ta cutar da kowa. Turmin farko na dindindin ya fi shiga hatsari: yana fitowa wajen shekara shida a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba, sai iyaye su ɗauka na famfara ne su bar shi ya ruɓe. Alhali da shi Edward Angle na Amurka ya auna dacewar jerin biyu a 1899, ma'aunin da likitoci ke amfani da shi har yau.

Za a ce ai ga tsofaffi nan da giɓi suna cin tuwonsu lafiya, kuma cirewa ta fi cikewa araha. Akwai gaskiya a ciki. A 1981 likita Käyser na ƙasar Holan ya nuna cewa haƙora wajen ashirin, na gaba da ƙananan turame, suna iya isar mutum tauna. Sai dai sharaɗin shi ne su kasance a jere ba yankewa, kowanne da abokin karonsa. Rasa na can ƙurya daban, ɓalle na tsakiya daban. Arahar ma ta ranar ce kawai, domin haƙorin roba ko dashe ya fi cikewa tsada nesa ba kusa ba. Idan cirewar ta zama dole, a tambayi likita tun kafin a tashi daga kujera abin da za a yi da gurbin.