Idan Ka Tarar da Mataccen Kifi a Tafkinka

Kiwon tarwaɗa ya zama sana'ar gidaje da yawa a yankin Babban Birnin Tarayya, daga Gwagwalada da Kuje zuwa Bwari, Kwali da Abaji. Wasu a tankin siminti suke kiwo, wasu a tankin roba ko na tampol, wasu kuma a tafkin ƙasa. Duk inda kake yin naka, wata rana za ka fito da safe ka ga kifi ɗaya ko biyu sun juya ciki sama. Mutuwar kifi ɗaya ba ta karya manomi. Sakacin da ke biyo bayanta ne ke cinye jarin watanni biyar ko shida cikin kwana uku.

Cire shi nan take

Kada ka ce sai ka gama ba da abinci. Mataccen kifi yana fara ruɓewa cikin 'yan sa'o'i, musamman a zafin watan Maris da Afrilu. Ruɓewar tana cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa, tana kuma sakin amoniya, wadda guba ce ga kifi. Bayan haka, tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Idan cuta ce ta kashe na farko, duk wanda ya yagi namansa ya ɗauka.

Ka kwashe shi da raga mai mariƙi, ka laluba ƙasan tankin da kusurwoyinsa, domin wanda bai daɗe da mutuwa ba yakan nutse, sai ya kumbura yake tasowa. Kowane tanki ya kasance da ragarsa. In guda ɗaya gare ka, ka wanke ta da ruwan gishiri mai kauri, ka shanya a rana kafin ka sa ta a wani tankin.

Duba gawar kafin ka yar

Gawar kifi tana ɗauke da labarin abin da ya kashe shi. Ka ɗaga marfin gefen kansa ka dubi naman da yake numfashi da shi. Na lafiyayye ja ne wur. Idan ya koɗe, ko ya yi ruwan ƙasa, ko majina ta lulluɓe shi, ka fara zargin ruwa. Jan gyambo a jiki da kumburin ciki sukan nuna cutar ƙwayoyin bakteriya. Zaizayewar gashin baki da fari-fari a fata ma haka. Tsagewar ƙoƙon kai kuwa ana danganta ta da ƙarancin bitamin C a abinci, wanda kan faru idan abincin ya daɗe a ajiye cikin zafi. In ka ga an cinye wutsiya ko rabin jiki, to manyan sun fi ƙarfin ƙanana, lokacin tankaɗe ya yi, wato raba su bisa girmansu.

Yadda mutuwar ke tafiya ma alama ce:

1. Da yawa sun mutu dare ɗaya, ka same su da asuba: ƙarancin iska ne. Ya fi kama karfasa da ƙananan 'ya'yan tarwaɗa, domin babbar tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama. A tafkin ƙasa ya fi faruwa a ranakun lumshi na watan Agusta.
2. Manya da ƙanana sun mutu farat ɗaya bayan sauya ruwa ko bayan ruwan sama: ka nemi guba, kamar sinadarin kulorin na ruwan famfo, ko maganin feshi da ruwa ya kwaso daga gonar maƙwabta.
3. Yau biyu, gobe biyar, jibi goma: cuta ce ke yaɗuwa.

Gyara ruwa kafin neman magani

Yawancin mace-macen kifi daga ruwa suke farawa. Saboda haka ka dakatar da abinci na yini ɗaya ko biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwaɗa, ragowar abincin da ke ruɓewa a ƙasa shi ne ke ƙara amoniya. Ka zubar da kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin ruwan, ta ƙasa inda dattin yake, ka cika da sabo a hankali. Kada sanyin sabon ruwan ya bambanta sosai da na tsohon, musamman da hunturu. Tarwaɗa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 26 zuwa 30. Ruwan famfo ka bar shi a buɗe aƙalla sa'o'i 24. Na rijiyar burtsatse kuwa ba shi da isasshiyar iska, sai ka bar shi ya riƙa zubowa daga sama yana fantsama.

Gishirin girki, kilo 1 zuwa 2 a kowace lita 1,000 ta ruwa, yana rage wa kifi wahala. Amma kada ka zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta don kawai ka ji maƙwabci ya yi. Ba ya gyara gurɓataccen ruwa, yana sa cuta ta saba da magani, kuma ragowarsa na iya kaiwa ga mai cin kifin.

Ina za a kai gawar?

Ka haƙa rami mai zurfin kamar mita 1, nesa da tafki da rijiya, ka barbaɗa farar ƙasa, ka binne, ko kuma ka ƙone. Kada ka jefa a kwata ko rafi, kada ka ba sauran kifin ko kaji. Haka nan kada ka yi bandarsa ka haɗa da kayan da za ka kai kasuwar kifi ta Kado ko wata kasuwa. Ba ka san abin da ya kashe shi ba, kuma amanar masu saye ita ce jarinka na gaskiya.

Masu akwatin gilashi na kifin ado

Malamin gona a Abuja kan samu kira daga otal ko ofis mai kifin ado, har da na ruwan gishiri irin na teku. Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai gaggawar ta fi. Ruwan kaɗan ne, kuma ma'aunin pH na ruwan gishiri yakan wuce 8, inda amoniya ta fi dafi. A ɗaga duwatsun ado a nemo gawar, a auna amoniya, a sauya kamar kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan da wanda aka haɗa da gishirin teku daidai da na ciki. Gishirin girki ba ya wannan aiki. Kada a sa sabon kifi sai ruwan ya daidaita.

Lokacin neman taimako

Idan ka gyara ruwa amma mutuwa ta ci gaba har kwana biyu, ka sanar da malamin gona na yankinka ko likitan dabbobi. Ka kai masa kifi biyu ko uku masu ciwo da ransu, tare da ruwan tankin a kwalba mai tsabta. In matacce ne, ya zama sabo, a kan ƙanƙara, ba daskararre ba. Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, suna daga cikin wuraren da ake samun ƙwararru.

Daga ƙarshe, ka ajiye littafi kusa da tafki. Kullum ka rubuta kwanan wata, yawan waɗanda suka mutu, abincin da ka bayar da ranar da ka sauya ruwa. Da wannan littafi malamin gona zai fara aikinsa ranar da ya zo.