Me ya sa kayen mutum ɗaya ke hana gari guda cin tuwo?

Duk shekara idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ɗari ya fara saukowa, wayar tasharmu ba ta hutawa. Masu gaisuwa da masu cigiyar dabbobi sai su ragu, tambaya ta koma guda: "Malam, su wa jiharmu za ta kai bana? Wane ya warke daga ciwon gwiwar nan?" Da mun ji haka mun san lokacin takobi ya matso.

Ina da wani kawu, ƙanen mahaifiyata, manomi ne mai sanyin hali. Na ga shekarar da fari ya cinye mashi gona, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ci gaba da harkarsa. Amma wata shekara, da yamma, ɗan kokowar ƙarshe da ya rage wa jiharmu ya sha ƙasa. Kawu ya kashe rediyo, ya cire batir ɗin ya zuba aljihu, ya shige ɗaki. Aka kai mashi tuwo da miyar kuka, ya ce a ɗauke. Matarsa ta tsaya bakin ƙofa ta ce: "Malam, wai kai aka kayar ko shi?" Ya ce: "Ke dai bari, ba ki ganewa."

Lokacin ina yaro, dariya na yi. Yanzu da na yi shekaru ina kawo labarin kokowa a rediyo, na gane tambayar Inna tana da amsa, kuma amsar tana da tsawo.

Mu fara da yadda aka tsara gasar ita kanta, domin nan ne tushen wahalar mai goyon baya. Tun 1975 aka fara kokowar takobi ta ƙasa, a Tawa, zamanin mulkin Seyni Kountché, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Yau jihohi 8 ke haɗuwa: Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha tana zuwa da ƴan kokowa 10, jimilla 80, a yi kamar kwana goma ana gwabzawa. Ƙa'idar da ke tsinka zuciya ita ce wannan: wanda aka kayar sau ɗaya, shi da takobin wannan shekara sai kallo. A ƙwallon ƙafa idan an zura maka ɗaya kana da sauran mintoci ka rama, ko ka jira wasa na gaba. A nan babu ramuwa. Mutum ya shekara yana motsa jiki, yana ɗaukar nauyi, yana kiyaye cimarsa, sai ƙafa ta zame cikin ƙiftawar ido, shi ke nan, sai baɗi in da rai.

Wani abin kuma, wanda aka riga aka kayar ba ya komawa gida. Yana ci gaba da kokowa don jiharsa, kuma yana iya haɗuwa da wanda bai faɗi ba ya kayar da shi. Irin wannan ɗan kokowa ya fi kowa haɗari, tunda ba shi da sauran abin da zai rasa. Shi ya sa duk dare jama'a ke kasa kunne su ji lissafi: saura nawa ba a kayar ba, jihar wa ke da biyu, jihar wa ta ƙare. Adadin sai raguwa yake, ba ya ƙaruwa. Mai goyon baya yana kwana da wannan lissafi, ya tashi da shi, kwana da kwanaki.

To me ke faruwa a jikin mutumin da ke zaune kan tabarma a ƙauye, nesa da fili, rediyo manne a kunne? Jikin ɗan Adam ba ya bambanta sosai tsakanin haɗarin da ke kansa da haɗarin da ke kan wanda ya ɗauka nasa ne. Da makaɗa suka ɗauki kiɗa, ɗan kokowa ya yi kirari, aka busa usur, jiki na sakin wani sinadari da likitoci ke kira adirenalin. Shi ne wanda ke fita idan ka yi arba da maciji a gona. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, tafin hannu ya yi gumi ko da ana ɗari, baki ya bushe, ciki ya daina neman abinci. Wanda ya ga maciji zai ruga ko ya ɗauki sanda, ƙarfin ya fita. Mai sauraren rediyo ba shi da inda zai kai nasa. Daga nan ne ake samun wanda ke tashi tsaye ya zauna, wanda ke kama wuyan na kusa da shi kamar shi ne abokin karawar, da wanda ke barin wurin ya zagaya bayan gida ya ce a kira shi in an gama.

Idan aka yi nasara, duk wannan ƙarfi ya fashe ya zama ihu da guɗa. Tsoho mai ciwon baya sai ka gan shi yana tsalle. Idan aka faɗi, jiki ya saki gaba ɗaya, kasala ta sauko, abinci ya fita rai. Tuwon da kawu ya ƙi ci, ba fushi da Inna ba ne. Cikinsa ne ya rufe.

Ku saurari yadda muke magana ma. Ranar nasara, kowa cewa yake: "Mun kayar da su! Mun kawo takobi!" Har da wanda bai taɓa ɗaura walki ba. Ranar faɗuwa sai harshe ya juya: "Ya faɗi. Yaron nan ba ya jin magana, an ce ya bar kai hannu ƙasa." Nasara tamu ce duka, kaye nashi ne shi kaɗai. Ni ina gane mai goyon baya na gaskiya da abu guda: shi ne ke iya buɗe baki ya ce "an kayar da mu". Irinsu ne ke shan wahala, kuma a ganina su ne suka fi cancantar murna idan ta zo.

Wannan "mu" ɗin yana da asali. Kafin a gina filayen siminti, kokowa wasan kaka ce a dandali, ƙauye da ƙauye. Wanda ya shiga fili ɗan gidan wane ne, an san gonarsu, an san uwarsa. In ya yi kaye, ƴan matan garin ne za su yi guɗa, kuma ranar kasuwa mutanen garin za su taka da ƙarfi. Gasar ƙasa faɗaɗa dandalin kawai ta yi, ƙauye ya zama jiha. Dubi sunayen filayenmu: na Maraɗi Kantu, na Damagaram Langa-Langa, na Dosso Salma Ɗan Rani. Gwanayen da iyayenmu suka yi wa ihu ne, yau sunansu na kan ƙofar shiga.

Ƴan uwanmu da ke ci-rani sun fi mu jin abin. Wanda ke Abijan, ko Legas, ko Kotonu, ko Libiya da Aljeriya, ya yi wata da watanni ba wanda ya tambaye shi sunan garinsu. Kwana goman nan ne yake komawa ɗan wani wuri. Suna haɗuwa ɗaki guda kan waya ɗaya, hoto na tsayawa yana tafiya, wani lokaci ihun da ke cikin saƙon WhatsApp daga gida ya riga hoton isowa. Wani mai saurare ya taɓa turo mana saƙon murya daga wurin aikin gini, yana magana ƙasa-ƙasa don kada mai gidansa ya ji: "Don Allah ku faɗa mani gaskiya, ya faɗi ko bai faɗi ba?" Ya faɗi. Na daɗe riƙe da wayar kafin na ba shi amsa.

Wanda ke son ya ga daɗi da ɗaci a rana ɗaya, ya tuna Dosso a watan Disamba na 2024. Kadri Abdou, wanda duniya ta sani da Issaka Issaka, ya riga ya ɗauki takobi sau 6, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, abin da babu wanda ya taɓa yi. Ga shi gasa ta zo gida, filin Salma Ɗan Rani, gaban jama'arsa, kuma ya kai wasan ƙarshe. Sai Abba Ibro na Tawa ya ɗauke takobin. Daƙiƙar da Adar ta ɓarke da murna, ita ce daƙiƙar da Dosso ta yi tsit. Akwai wata wahala ta musamman ga masu goyon bayan gwani irin wannan. Wanda gwaninsa bai saba cin takobi ba, in ya kai kusa da ƙarshe ma murna yake. Wanda ya saba, nasara ta zame mashi kamar bashin da ake binsa: in ta zo sai ajiyar zuciya, in ba ta zo ba kamar an yi mashi sata.

Ƙwallon ƙafa ma ta taɓa yi mana irin wannan wasa da zuciya, ta wata fuskar. A watan Oktoba na 2011, Mena ta je Alƙahira, Masar ta zura mata 3 da babu. Jama'a suka kashe telbijin, wasu suka kwanta da baƙin ciki. A can Afirka ta Kudu kuwa, ƴan wasansu sun tashi babu ci da Saliyo, suna rawa a fili, a zatonsu sun haye. Ashe ƙasashen uku maki 9 kowacce ke da shi, kuma ƙa'ida ta ce a duba sakamakon wasannin da suka yi tsakaninsu. Da aka duba, Nijar ce gaba. Haka Mena, ƙarƙashin mai horarwa Harouna Doula, ta samu zuwa gasar cin kofin Afirka karon farko. Waɗanda suka sha kashi suka fito titi da ihu, masu rawa suka koma kuka. Da aka je gasar a 2012, wasa uku muka yi, uku muka faɗi, hannun Gabon da Tunisiya da Maroko. Duk da haka ku tambayi wanda ya ga daren nan na Oktoba ko zai sayar da shi.

Yanzu bari in zo inda abin ke wuce wasa, don shi ne dalilin wannan rubutu.

Na farko lafiya. A 2006, lokacin da Jamus ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, likitocin yankin birnin Munik sun ƙidaya mutanen da aka garzaya da su asibiti saboda ciwon zuciya. Ranakun da Jamus ke wasa, adadin ya haura ninki biyu na sauran ranaku. Zuciyar Bajamushe da ta Ba'adare iri ɗaya ce. Mai hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, ya sha maganinsa kan lokaci a kwanakin nan, kada zumuɗi ya mantar da shi. Ya rage shayi mai ƙarfi da goro da taba lokacin da ake karawa. In tsoho ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko ciwo na sauka hannun hagu, ko numfashi na yankewa, ko baki ya karkace, kada a ce a bari a gama wasa. A nemi abin hawa a kai shi gidan likita nan take.

Sai caca. Da, fare na baki ne, wanda ya faɗi ya sayi goro ko ya sha tsiya kwana biyu. Yau akwai wanda ke sa jika goma, jika ashirin, har da mai jingina buhun hatsi ko akuyar matarsa. Wanda ya sa kuɗi ya daina kallon kokowa, kuɗinsa yake kallo. In gwaninsa ya faɗi, sai baƙin ciki ya zama biyu, kuma na biyun yana bin sa har bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Mu masu rediyo mata na kiranmu a kan wannan, ba sa son a faɗi sunansu.

Sannan neman wanda za a ɗora wa laifi. Zuciyar da ta sha kaye ba ta son ta yarda an fi gwaninta ƙarfi a ranar. Sai a ce alƙalin wasa ne, ko an sayi wasan, ko asiri aka yi, wai an ga abin da abokin karawar ya binne a rairayi. Layu da guraye da rubutun sha kowa ya san suna cikin kokowa, kuma ɓangarorin biyu duk suna ɗaure da su, amma ba a tuna na abokin hamayya sai ranar da aka faɗi. Daga zargi sai zagi a Facebook, daga zagin mutum ɗaya sai zagin jiha guda. Alhali muna da abin da kakanni suka bar mana don irin wannan rana: wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari, ko Zabarmawa da Buzaye, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2014. Taubashinka zai yi maka tsiya har ka rasa inda za ka sa kanka, ya tambaye ka ko rairayin ya yi daɗi, sannan ya zuba maka shayi. Ƴan cali-cali ma aikinsu ke nan a fili, su kwaikwayi wanda ya faɗi har shi kansa ya murmusa. Su ƴan kokowar da muke faɗa a kansu, sau nawa muka ga wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya tada abokinsa, ya kakkaɓe mashi ƙasa a baya?

Kawu ya tsufa yanzu, kuma likita ya ce jininsa na hawa. Bara ya rantse ya bar sauraren kokowa, ya ce ƴan kokowar zamani ba su kai su Kantu ba, ba za su kashe shi a banza ba. Shekaranjiya ya aiko yaro da saƙo: in sayo mashi batir guda huɗu, in kuma tambayi abokan aikina ko gaskiya ne yaron nan mai ciwon gwiwa ya koma motsa jiki.