Jirgin Ƙasa a Kan Tebur: Wasan da Ya Sami Mutunci

Ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu kama da na gaske, tare da shimfiɗa musu dogo da gina musu tasha da gada da gari, aikin sha'awa ne da ya haura shekara 100 a Turai da Amurka. Mai yin sa yakan ware ɗaki ko gareji, ya kafa tebur, ya ɗora siririn dogo mai ɗauke da wutar lantarki, sannan ya kwashe shekaru yana gina abin da ke kewaye da dogon. An daɗe ana yi wa irin waɗannan mutane kallon manyan da suka ƙi girma, har wasunsu kan ɓoye abin ga abokan aiki. A 'yan shekarun nan lamarin ya sauya.

Asalinsa kayan wasan yara ne, babu musu. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya nuna, a kasuwar baje koli ta Leipzig, jirgin da ake murɗa wa mabuɗi, da dogo gunduwa-gunduwa mai faɗi ɗaya, ta yadda mai saye zai riƙa ƙarawa a hankali. An kafa kamfanin Lionel a New York a 1900, jiragen Hornby kuma suka fito daga Liverpool a 1920. Ba a jima ba iyaye suka ƙwace wasan daga hannun 'ya'yansu. Tun 1910 manya suka kafa kulob a Landan, a 1935 kuma na Amurka suka haɗa ƙungiya ta ƙasa don a daidaita awo, kayan wannan kamfani su hau dogon wancan.

Awon shi ne ya raba wannan aiki da wasa. Yaron da ya haɗa motar kara da ido yake aunawa, kuma ta yi kyau a hakan. Mai ƙera jirgin nan da lissafi yake aiki. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira HO, yana rage komai sau 87. Faɗin dogo irin na Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne, idan aka raba da 87 sai ya dawo milimita 16.5, faɗin dogon kan tebur ke nan. Mutumin da ke tsaye a tasha tsawonsa kusan santimita 2 ne, kuma dole ƙofa da bishiya da saniya su bi lissafin. Ma'aunin N yana ragewa sau 160, shi ya sa ya karɓu a Japan inda ɗakuna ba su da yalwa. Akwai Z, sau 220, da Märklin ya fitar a 1972.

Wanda ya tsaya kusa da tebur zai ga inda lokacin ke tafiya. Tarago sabo fil daga kwali ba ya kama da na gaske, saboda haka sai a tsufar da shi: a shafa masa launin tsatsa a gindin ƙusoshi, a bi ƙafafunsa da hoda mai kalar ƙura, a zana inda mai ya zuba ya bushe. Tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo ana zuba ta da cokali, a baje da buroshi, a ɗiga mata gam da aka tsarma da ruwa. Kafin duk wannan akwai bincike, domin da yawa suna zaɓar tasha ɗaya ce a shekara ɗaya, su nemo tsofaffin hotuna da taswira da jadawalin tafiyar jirage, don kada a ga taragon da ba a ƙera ba tukuna a zamanin. Gidan tarihi na Pendon a Ingila ya yi suna a wannan fanni, inda aka kwaikwayi ƙauyukan yankin da gidan yake kamar yadda suke a shekarun 1920 da 1930, gida-gida, har da waɗanda aka riga aka rushe.

Ƙarƙashin tebur kuma duniyar wayoyi ce. A da wutar da ke kan dogo ita ke tuƙa duk jirgin da ke kai, amma tun shekarun 1990 ana saka wa kowane kan jirgi 'yar na'ura mai lambarta, a tuƙa jirage da dama a dogo ɗaya, kowanne da saurinsa da ƙararsa. Alaƙar da kwamfuta ma tsohuwa ce. Ɗaliban kulob ɗin jirgin ƙasa na jami'ar MIT a Amurka, wanda aka kafa a 1946, sun riƙa sarrafa dogonsu da kayan tarho, kuma wasunsu na cikin matasan farko da suka ƙware wajen sarrafa kwamfuta.

Abin da ya fi sauya ra'ayin jama'a shi ne fitowar aikin daga ɗaki zuwa fili. A 2001 wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe Miniatur Wunderland a tsofaffin rumbunan ajiyar kaya na birnin Hamburg. Tsawon dogon da ke ciki ya wuce kilomita 16, akwai filin jirgin sama da jirage ke tashi da sauka, kuma duk minti 15 dare yakan yi, fitilun gidaje su kama, gari ya sake wayewa. Fiye da mutum miliyan 1 ke zuwa a shekara. Da wuya a raina abin da mutane ke bin layi su biya kuɗi don su gani.

Sai kuma shahararrun da suka daina jin kunya. Mawaƙi Rod Stewart ya shafe sama da shekara 20 yana gina wani birnin Amurka na shekarun 1940, kuma idan ya fita yawon waƙa yakan kama ƙarin ɗaki a otal don ya ci gaba da haɗa gine-gine. Mawaƙi Neil Young kuma ya taɓa mallakar hannun jari a Lionel. Gidajen talabijin na Birtaniya ma sun shigo, a 2018 aka fara gasar da ƙungiyoyi ke karawa a gina shimfiɗa cikin 'yan kwanaki.

An ga zurfin wannan sauyi a watan Mayun 2019, lokacin da wasu samari suka fasa zauren wata makaranta a garin Stamford na Ingila da dare, suka ragargaza kayan da kulob ɗin Market Deeping ya jera don baje koli, aikin shekaru da yawa. Kulob ɗin ya nemi taimakon fam 500. Jama'a suka tara sama da fam 100,000, Rod Stewart shi kaɗai ya ba da 10,000. Zaman gida na lokacin korona a 2020 ya ƙara jawo sababbin hannu, cinikin kamfanoni irin su Hornby ya tashi.

Sai dai mutunci daban, yawan magada daban. Kayan sun yi tsada, gidajen matasa ba su da ɗakin da za a ware, akasarin 'yan kulob kuma furfura ta kama su. A Janairun 2024 shagon Hattons, wanda ya fara a Liverpool a 1946, ya sanar da rufewa. A watan ne kuma kulob ɗin Warley ya dakatar da babban baje kolin da ya shafe kusan shekara 30 yana yi a Birmingham, saboda masu aikin sa kai sun manyanta. Wasu masu shirya taro sun karɓi gurbin, yayin da sababbin shiga da dama ke koyon aikin daga bidiyon YouTube, suna kuma fitar da taragu da gine-gine a gida da na'urar da ke gurza abu da roba.