Feftayid da Fatar da Ta Saki: Ina Gaskiyar Take?

A Maiduguri ba a koya wa mace gyaran jiki. Tun kafin kamfanonin Turai su iso da kwalabensu, matan Kanuri da na Shuwa suke kwaɓa dilka, su dafa halawa da sukari da lemun tsami, su turara jiki har ƙamshi ya kama fata, sannan a bi da humra. Ko a Kano da Abuja, amarya takan yi alfahari cewa 'yar Barno ce ta gyara ta.

Yanzu kuwa wata baƙuwar kalma ta shigo shagunan kayan shafa, daga Kasuwar Monday har zuwa masu talla a WhatsApp. Feftayid ake ce mata, a jikin kwalba kuma a rubuta peptide. Masu sayarwa na rantsuwa yana ɗame fata, yana mai da tsohuwa yarinya.

Abin da ke riƙe fata ta tsaya cas shi ne kolajin, wani furotin mai kama da zaren saƙa. Da mutum ya gama girma kolajin yakan fara raguwa, kusan kashi 1 cikin ɗari duk shekara, mace kuma tana iya rasa kusan kashi 30 a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. Shi feftayid ɗan guntun furotin ne. Dabarar ita ce a yaudari fata: in ta ji guntayen, sai ta ɗauka zarenta ne ya tsinke, ta shiga saƙa sabo.

Ba jiya aka fara ba. A 1973 Loren Pickart ya gano wani feftayid mai suna GHK a jinin ɗan Adam, wanda ke kama jan ƙarfe, yana kuma taimaka wa warkewar rauni. Daga baya kamfanin Sederma na Faransa ya fito da feftayid ɗin Matrixyl, wani kamfanin a Basalona ya fito da Argireline, wanda ake tallata shi kamar allurar Botox ce a kwalba, ko da yake ko kusa bai kai ta ba.

A 2005 aka buga sakamakon gwajin sinadarin Matrixyl a kan mata 93, na tsawon mako 12, ana shafa shi a rabin fuska kawai. Ƙananan tamoji sun ragu. To amma kamfanin Procter & Gamble, mai sayar da man da ke ɗauke da sinadarin, shi ya yi gwajin, matan kuma duk fararen fata ne. Ba kumatun da suka zubo aka auna ba, ba kuma fatar wuya ba. Ga wata matsalar: fata katanga ce, ƙwayar da nauyinta ya haura dalton 500 da wuya ta ratsa ta, Matrixyl kuwa ya kai wajen 800.

Baƙar fata takan jinkirta tamoji, amma kumatu kan saki idan kitsen fuska ya zame ƙasa, ƙashi ya zaizaye. Wannan ya fi ƙarfin man shafawa, komai tsadarsa.

Babban maƙiyin ma yana cikin gida. Ban da ranar Afrilu da ke haura digiri 40 da hunturu mai tsattsage fata, akwai man bilicin. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Haɗe-haɗen da ake zubawa a roba ba suna, da yawansu na ɗauke da sitiroyid irin su kulobetasol, wanda ke hana fata yin kolajin, ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta biyo baya. Shafa feftayid a kan wannan zuba ruwa ne a kwando.

Likitocin fata sun fi amincewa da man kariyar rana da kuma man tiretinoyin, wanda mai ciki ba ta shafa shi. Feftayid na biye da su a matsayin mataimaki, ba ya cika yin zafi, kuma sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a ga ɗan sauyi. Hajiyar da za ta saya ta duba lambar NAFDAC a jikin kwalbar. Idan kuma fatar ta riga ta yi siriri, ta fara ganin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri kafin ta kashe ko sisi.